Babi na Shida: Gangar da Ba a Gada

A ƙasar Kano ta dā ba a yin kiɗa haka siddan. Kowace ganga da ubangidanta. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta masu duƙe wa kunya, taushi da kotso da jauje kuwa na fada. Kakaki, wanda littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) aka fara busa shi a nan, ba a ɗaga shi sai don sarki. Attajiri ko dukiyarsa ta cika rumbu ɗari bai isa a busa masa ba.

Shi ma makaɗin ba tsintar sana'ar ya yi ba, gadonta ya yi. Kuma gado ne mai nauyi ta wata fuska, domin jama'ar da ke masa liƙi da daddare ita ce ke hana shi 'yarta da safe. Da zarar an ce wane maroƙi ne, an gama magana. Ɗan liman ko ɗan babban manomi da aka kama yana taɓa ganga a dandali ya san abin da zai tarar a gida.

To amma je ka Kura ko Bunkure ranar 27 ga Mayu, wato ranar yara, ko ranar zagayen Mauludi na makarantun Islamiyya. Za ka ga ɗan liman ɗin nan rataye da ganga a kafaɗa, sanduna biyu a hannu, ga ƙaninsa a baya yana kumbura kumatu a kan begila, uban kuma yana gefen titi yana nuna wa abokansa: ga nawa can. Babu mai ce wa yaron maroƙi. Wannan gangar ba ta da zuri'a, ba ta da uban gida, ba ta karɓar kari. Tarihin yadda ta samu wannan izini, da abin da take koya wa yaran da ke riƙe da ita, shi ne zancen wannan babi.

Ba da daɗi ta shigo ba. A ƙarshen watan Janairun 1903 rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya ta nufo Kano, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa a kan hanya, ta shiga birni ranar 3 ga Fabrairu. Bebeji kuwa maƙwabciyar Kura ce. Ke nan busar begila ta farko da ta ratsa wannan karkara busa ce ta mai cin ƙasa. Abin da ya ƙara wa lamarin ɗaci, da yawa daga sojojin da ke bin wannan busa Hausa suke ji. Tun 1863 wani hafsan jirgin ruwa, John Glover, ya tara wasu 'yan tsirarun Hausawa a Ikko, galibinsu bayin da suka kuɓuce wa iyayen gijinsu, ya koya musu fareti ya ba su bindiga. Daga wannan tushe, da irinsa a Gwalkwas, aka gina rundunar Afirka ta Yamma da Lugard ya haɗa a 1897. Shekaru masu yawa Hausa ce harshen bariki, har wata busar ban kwana ta rundunar aka raɗa mata suna Hausa Farewell, kuma ana jin ta a bukukuwan sojan Gana har gobe.

A bariki begila agogo ce. Ita ke ta da mutane da asuba, ita ke kiran abinci, ita ke kiran fareti, ita ke sauke tuta da yamma, ita ke cewa a kashe fitila. Kurtun da bai iya ko bihim ba ya san kowace busa da abin da take nufi. Ƙirarta kuma ba wuya: bututun farin ƙarfe ne ko tagulla da aka naɗe, ba rami a jikinsa irin na algaita, ba maɓalli. Duk aikin a leɓe yake da numfashi. In mai busa ya tsuke leɓe ya ƙara iska sai muryar ta hau, in ya sassauta ta sauko, kuma muryoyin da take bayarwa ba su wuce biyar ba a hannun yawancin mutane. Ta wannan fuska 'yar'uwar kakaki ce, wanda shi ma ba rami gare shi ba, sai dai shi da muryoyi biyu yake yawancin maganarsa. Wannan ƙarancin ne ya sa begila ta dace da yara. Yaro mai naci kan iya fitar da muryoyin nan cikin 'yan watanni, ba sai ya san rubutun kiɗa ba, kuma in ta faɗi ta lotse mai walda zai iya da ita.

Daga bariki ta tsallaka makaranta. Tsofaffin sojoji, musamman waɗanda suka dawo daga Bama bayan 1945, sun bazu cikin aikin En'e a matsayin 'yan doka da masinjoji da masu gadi, wasu kuma aka ba su koya wa 'yan makaranta maci. A 1954 aka buɗe wani rukuni na yara zalla a barikin Zariya, wanda ya zama Makarantar Soja ta Zariya da muka sani a yau, inda yaro ke haɗa karatun sakandare da horon soja. Da aka zo shirin ilimin firamare na bai ɗaya a 1976, makarantu suka yawaita a ƙauyuka, kowane hedimasta mai son a san da shi ya so a ce makarantarsa na da 'yan badujala da za su ja layin maci ranar 1 ga Oktoba a gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma.

Sai dai tunanin a ɗauki ganga da begila a mayar da su hanyar tarbiyya, ba adon biki kawai ba, a wani wuri aka fara shi da gangan. A birnin Gilasgo na ƙasar Sikotilan akwai wani ɗan kasuwa mai suna William Alexander Smith, wanda ke koyar da yara addini a coci ranar Lahadi, kuma hafsa ne a rundunar 'yan sa-kai. Abin da ya dame shi kowane malamin Islamiyya ya san shi: manyan mutane ɗari suna bin umarninsa a filin fareti ba gardama, amma yara 'yan ƙalilan sun gagare shi a aji. Ranar 4 ga Oktoban 1883 ya kafa Boys' Brigade. Ya ba yaran hula da ɗamara, ya sa su a layi, daga baya ganga da begila suka biyo. Manufarsa a rubuce take: addini, biyayya, ladabi, horo da sanin mutuncin kai. Ƙungiyar ta iso Ikko a 1908, ta hau Arewa ta hannun coci-coci, shi ya sa har yanzu in ka ji badujala mai tsari a Sabon Garin Kano ranar Lahadi, ko a garuruwan Hausawa Kirista na kudancin jihar, da wuya ba su ba ne. Baden-Powell, wanda ya ga aikin Smith ya yaba, ya fito da tasa ƙungiyar ta sikawut a 1907, ita kuma ta shigo Najeriya a 1915.

Amurkawa ne suka kai abin maƙura. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji suka koma gida da ganguna da begilolin da gwamnati ta gama da su. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, American Legion da aka kafa a 1919 da kuma VFW, suka fara da busa wa kansu, sannan suka juya kan 'ya'yansu da yaran unguwa. Coci-cocin Katolika da rassan sikawut suka bi sahu. A garin Racine an kafa ɗaya a 1927, a Garfield wani coci ya kafa Cadets a 1934, Madison Scouts ta zo a 1938, Cavaliers ta Cikago a 1948. Yaran ba 'ya'yan masu hali ba ne. 'Ya'yan leburorin masana'anta ne da 'yan ci-rani, irin waɗanda in ba a ba su sandar ganga ba za su ɗauki wata sandar. Mai koyarwa sau da yawa tsohon kofur ne da ke aikin gidan waya ko tuƙin mota da rana. Ana gasa tsakanin gari da gari, alƙalai na bin layi da takarda suna rage maki a kan kowane kuskure, har maɓallin rigar da bai ɓallu daidai ba.

A 1971 shugabannin wasu ƙungiyoyi 13 suka gaji da dokokin tsofaffin sojoji, suka ɓalle suka kafa Drum Corps International, aka yi gasarta ta farko a garin Whitewater a 1972. Daga nan abin ya zama fasaha ta gaske. Aka yi ta ƙara wa begila maɓalli har ta kusa komawa ƙahon badujala sosai, aka shigo da rawa da tutoci, ƙungiya guda ta kai matasa 150 ko fiye, ba wanda ya wuce shekara 22. Suna kwashe watannin bazararsu, daga Yuni zuwa Agusta, a cikin motocin safa, suna kwana a daɓen makarantu, suna atisaye tun safe har dare, duk don wasan da bai fi minti 11 ko 12 ba. Tun 2009 a birnin Indiyanafolis ake yin wasan ƙarshe. Wanda ya kalli ɗaya daga cikin wasannin nan a waya zai riƙe baki.

Amma ni ban ga abin koyi a ƙarshen labarin ba, a farkonsa na gan shi. Kuɗin da ɗan ƙungiya ke biya yanzu a shekara dubban daloli ne, kuma sai an tantance shi, ma'ana sai wanda ya riga ya iya ake ɗauka. Ƙungiyoyin unguwa da a shekarun 1960 ake ƙirga su da ɗaruruwa sun ƙare, saura 'yan gommai. Cadets ɗin nan mai tsohon tarihi, bayan ƙorafe-ƙorafen cin zarafi da suka taso a 2018 da shari'o'in da suka biyo baya, ta rufe a 2024. Yaron da aka ƙirƙiri abin dominsa, wanda ba shi da ko sisi kuma bai iya komai ba, yanzu ɗan kallo ne.

A wajenmu ba tsofaffin sojoji ne suka rungumi abin ba, ƙungiyoyin addini ne, kuma nan ne izinin da na ambata ya samu. Malaman jihadi ba su yi wa kiɗa kuɗin goro ba. Shehu Usmanu ya soki kiɗan wasa da na fadanci, amma ya bar gangar yaƙi da ta kiran taro da ta shela, wato gangar da ke da aiki. Gangar fareti a wannan gurbin ta faɗa a idon mutane da yawa: ba ta roƙo, ba ta zuga kowa, ba a cakuɗa maza da mata a rawarta. A Kano kuma Shehu Nasiru Kabara ya riga ya fito da bandiri fili, ya sa maukibin Ƙadiriyya ya zama taron shekara-shekara tun shekarun 1950, inda ɗalibai ke jerawa rukuni-rukuni da tutoci. Da Jama'atu Nasril Islam ta kafu a 1962, Fityanul Islam ta Shehu Mudi Salga a 1963, sannan Izala a Jos a 1978, kowacce ta yi 'yan agajinta masu kaki da hula da igiya a kafaɗa da muƙamai irin na soja. Su ke tsare sahu a filin Idi, su ke raba hanya a wurin wa'azi, su ke ɗaukar wanda ya faɗi, su ke hidimar alhazai a sansani. Inda aka rabu shi ne kan gangar kanta. Ɓangaren ɗariƙu ba su ga laifinta a zagayen Mauludi ba. Izala, da yake ba ta yarda da kiɗa ba, faretin 'yan agajinta a kan muryar kwamanda da ƙarar takalmi yake tafiya. Mai lura zai ga cewa ko can ɗin ƙidayar tana nan, fatar ce kawai aka cire.

Yanzu mu sauko kan kanal ɗin ban-ruwa da ya ratsa ƙasar Kura da Bunkure.

An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta ɗauko, bayan gwajin da aka fara a Kadawa. A 1976 aka kafa hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin. An tsara kashin farko ya shayar da hekta 22,000 a ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, ruwa na gangarowa da kansa ba inji, daga babban kanal zuwa rassa, daga rassa zuwa ƙananan magudanan da ke shiga gonaki. An yi ta rubutu a kan abin da wannan ruwa ya yi wa alkama da tumatur da shinkafa da farashin gona. Abin da ya yi wa lokacin samari ba a cika kula shi ba.

Kafin Tiga, rani na samari ne. An yi girbi, an kai amfanin gona rumbu, wasu sun tafi cin-rani, waɗanda suka zauna kuma ga dambe, ga kokawa, ga kalangu a dandali da farin wata, ga Sarkin Samari da fadawansa suna shirya ajo da bukukuwa. A nan yaro ke koyon bin na gaba da jan na baya. Da damina kuma ga gayya: a tara majiya ƙarfi a gonar surukin wani ko ta wani dattijo, makaɗa na binsu a baya. Ruwan kanal ya cinye ranin. Yanzu shekara ba ta da gibi. A gama shinkafar damina a shiga tumatur da albasa da alkama, a gama su a shiga masarar bazara. Yaro ɗan shekara 12 a Kura yana da abin yi na kuɗi kusan kowane wata: dashe, korar tsuntsaye, tsinkar tumatur, jidon kwanduna zuwa bakin titi don motocin kasuwar Kwanar Gafan, shanyar shinkafar da iyaye mata suka turara. Gayya ta ja baya, ƙodago ya maye gurbinta, domin mai gonar da ke lissafin taki da magani ya fi son ya biya a gama yau. Ba na kukan wannan. Kuɗi ya shigo gidajen da dā sai an sayar da akuya ake ganinsa. Amma sakamakonsa shi ne, wuraren da yaro ke yin wani abu mai wuya tare da sa'o'insa ba don a biya shi ba sun ragu ƙwarai. In ka cire ƙwallo, ba abin da ya rage sai layin faretin makaranta da na agaji.

Kuma abin da wannan layi ke koyarwa daban yake da abin da gangar gayya ke koyarwa. Gangar noma magana take. Ta san sunan kowa. Makaɗi zai matso bayan saurayi ya kama takensa, ya ambaci ubansa da kakansa, har tsikar jikinsa ta tashi ya bar sa'o'insa a baya ya riga su kai kunya. Wanda ya tsere shi ne gwarzo, shi 'yan mata ke wa guɗa. Gangar fareti ba ta san sunan kowa ba. Ƙidaya kawai take, kusan taku 120 a minti guda, babbar ganga na faɗuwa a kan ƙafar hagu. A nan wanda ya riga kowa shi ne mai laifi, daidai da wanda ya makara. Yaron da ya fi kowa ƙarfin hannu, aikinsa na farko shi ne ya koyi rage hannun har a daina jin sa shi kaɗai. Masu ƙananan ganguna shida in sun yi daidai, kunne zai ɗauka mutum ɗaya ne. Mai begila kuma yawancin lokacinsa a jira yake ƙarewa: yana tafe, ƙaho a hannu, yana ƙirgawa a zuci, sai gurbinsa ya zo ya ɗaga, ya yi nasa, ya sauke.

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙungiyar masu amfani da ruwa a wannan yanki ya san dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan. Rigimar kanal guda ce tun farkon aikin: na sama da na ƙasa. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofar ruwa yana iya toshewa ya sha ya ƙoshi, ko ya fasa gefen kanal da dare, na wutsiya kuma ya wayi gari tumaturinsa ya yi yaushi. Yashe magudana da cire kacala aikin kowa ne, saboda haka sau da yawa ba na kowa ba ne. Gyaran da aka yi a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya ɗora nauyi mai yawa a kan waɗannan ƙungiyoyi na manoma: su tsara kwanakin ban-ruwa, su tara kuɗi, su kula da ƙananan magudanai. Siminti ana iya sayen sa da bashi. Mutumin da zai ga ruwa na wucewa ta gefen gonarsa ya ƙyale shi don yau ba ranarsa ba ce, ba a sayo shi. Noman damina, inda kowa da samansa, bai taɓa buƙatar irin wannan mutum sosai ba. Noman kanal ba ya yiwuwa sai da shi.

Kada a ce na ce ganga za ta yashe kanal. Akwai tsofaffin 'yan badujala da ke satar ruwa, akwai kuma masu amana da ba su taɓa maci ba. Abin da nake cewa bai kai haka girma ba. A aji ana gaya wa yaro ya yi haƙuri, ya bi doka, ya girmama haƙƙin wani, ya rubuta a jarrabawa ya ci. A layin fareti jikinsa ne ke ɗanɗana abin, kuma hukuncin nan take yake: ka yi gaggawar rabin taku, kowa ya ji, kai ma ka ji, ba sai Malam ya ɗaga bulala ba. Ga kuma wani abu da malamai da kansu ke lura da shi. Yaron da lissafi ya gagara, wanda aka saba ajiye shi a bencin baya, wani lokaci shi ne kunnensa ya fi na kowa, sai ga shi an ba shi sandar jagora, 'ya'yan masu gari na bin bayansa. Ga irin wannan yaro, atisayen yamma na iya zama dalili ɗaya tilo da zai sa ya bi ta ƙofar makaranta a watan da kwandon tumatur ke tsada.

Abin takaici, yawancin makarantunmu ba su ɗauki abin a matsayin karatu ba. Gangunan na kulle a ofishin hedimasta ko a sito tare da karyayyun bencina. Saura mako biyu a yi biki sai a tuna da su, a kakkaɓe ƙura, a nemo manyan yara uku da suka ɗan iya, a hau fafe gora ranar tafiya. Ranar bikin a tsayar da yara a rana tun hantsi suna jiran babban baƙon da ba zai iso ba sai bayan azahar, wasu su faɗi don ƙishirwa, a yi maci na minti biyar, a mayar da kaya sito. Mafi muni shi ne lokacin siyasa, sa'ad da ake ɗaukar hayar yaran su tarbi ɗan takara, a watsa musu 'yan canji. Ranar da aka fara yi wa gangar fareti liƙi, ta koma gangar roƙo, kuma uban da ya ba da ɗansa don an ce masa horo ne yana da gaskiya in ya janye shi.

Akwai kuma batun duka. Wasu masu horarwa sun ɗauka soja shi ne zagi da tsallen kwaɗo, sai su sauke wa 'yan shekara goma abin da aka yi musu a wani sansani. Abin da ya faru a Amurka ya isa gargaɗi: duk inda aka ba babba iko a kan yara, aka ce kada su yi musu, aka kuma yi tafiya da su nesa da gida, dole a sa ido, kuma iyaye su san wanda ke riƙe da 'ya'yansu. 'Yan mata ma ana barin su a baya. A zagayen Islamiyya su ne suka fi yawa, su ke rera ƙasidu, su suka fi tsare layi, amma da wuya a miƙa musu sanda. Makarantun 'yan mata zalla, inda ba maganar cakuɗa, ba su da hujjar rashin nasu rukunin, kuma Girls' Brigade ta daɗe da nuna cewa hannun mace ba ya kasa ganga.

Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. A irin wannan hali, da azuzuwa ba rufi ba kujeru, wanda ya tashi yana maganar begila za a ce bai san inda ke masa ciwo ba. Amma lissafin ba shi da yawa. Rukuni mai kyau na makarantar ƙauye bai wuce babbar ganga ɗaya, ƙanana huɗu zuwa shida, faranti biyu da begila shida ba, kuma in an kula da su za su yi shekaru suna aiki. Fatar roba da ake sayowa a kasuwar Sabon Gari in ta fashe sai an sake saye, amma jihar da ke da majema da masu ɗaurin kalangu ba ta rasa wanda zai ɗaura fatar akuya a kan gangar fareti, ko da muryar za ta ɗan sauko da damina. Maƙeran da ke ƙera kakaki sun san yadda ake like bututu. Malamai ma suna nan: tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda da suka yi ritaya suka dawo gida, da masu yi wa ƙasa hidima da ake turowa kowace shekara daga sansanin Ƙaraye, waɗanda wasunsu sun taso a Boys' Brigade tun suna ƙanana. Kuma ba dole a tsaya kan kiɗan da Ingila ta bari ba. Yaran da suka iya ƙidaya za su iya ɗora salon gangar noma ko na bandiri a kan taku, kamar yadda wasu rukunonin Mauludi ke yi da kansu ba wanda ya koya musu.

Abin da ya fi kuɗi wuyar samu shi ne sa'ar da za a yi atisayen. Da safe boko, bayan la'asar Islamiyya, da magariba karatun allo a wasu gidajen, Asabar da Lahadi kuma gona ta cinye, ballantana in ranar ruwan gidan ta faɗo a ciki. Gurbin da ya rage shi ne yammacin Alhamis da na Juma'a, da yake yawancin Islamiyyu ba sa zama a ranakun nan. Juma'a akwai ziyara da ɗaurin aure da zikirin yamma. Saura Alhamis, daga la'asar zuwa kiran magariba, wajen awa biyu. In hedimasta da shugaban Islamiyya da mai unguwa suka zauna suka amince cewa wannan awa biyun ta yaran ce kowane mako, har da makonnin tsinkar tumatur, rukunin da aka fara a watan Oktoba zai iya fita da kansa ranar 27 ga Mayu.